Kura Mai Rabin Kunne

Ina da shekara bakwai ranar da na fara ganin jini a jikin mutum, kuma a gadon bayan yayana na gan shi. Shi yana da goma sha biyu. Mu biyu kaɗai Allah ya raya wa iyayenmu, don haka kowa a gida Auta yake ce mini.

Gidanmu yana Zaitawa, cikin wani lungu da ko babur sai ya karkata kafin ya shige. Baba baduku ne. A zaure yake aiki, zaune kan buzu, tarin jar fata a damarsa, wuƙaƙe da basilla a hagu, da wata gudumar icce da ya gada wurin mahaifinsa. Takalma yake yi da jakunkuna da kuben wuƙa. Ba shi da yawan magana, kuma idan ya hana abu sau ɗaya, ba da baki yake maimaitawa ba.

Yaya kuwa komai ya taɓa sai ya fitar da sauti. Murfin tukunya, bokiti, ƙofar langa-langa ta banɗaki, har cikinsa idan ya ƙoshi. Wata rana ya tsinci gwangwanin kifi a bola, ya saci ƙyallen fatar akuya daga tarin Baba, ya jiƙa ta ya ɗame bakin gwangwanin da ita, ya soka sanda, ya ɗaura sili ɗaya daga wayar birkin keke. Kuntigi ya samu. A saman soro yake kaɗawa idan mun dawo daga islamiyya, ni kuma in zauna a bakin matakala ina yi masa gadi, ina zane da gawayi a jikin bango. Yakan ce idan ya girma ba kowane biki zai riƙa zuwa ba, a rediyo za a riƙa jin sa, kuma Baba da kansa zai murɗa ya kamo tashar.

Bikin suna a gidan maƙwabta ne ya tona mana asiri. Mata sun cika tsakar gida, wata da ta taɓa jiyo kiɗan daga katanga ta ce a kira yaron nan ya ɗan taɓa musu. Ya taɓa kuwa. Aka yi guɗa, wata ta tashi ta liƙa masa kuɗi a goshi. Kafin a idar da la'asar maganar ta riga Baba zuwa ƙofar masallaci, inda wani dattijo ya ce masa cikin dariya ashe an samu maroƙi a gida, Allah ya sanya alheri.

Ko takalmi Baba bai tsaya sakawa daidai ba. Ya shigo ya kama wuyan rigar Yaya, ya ja shi har gindin turken da muke ɗaure akuya, ya haɗe hannayensa biyu ya ɗaure a jiki. Bulalar ta fata ce mai harshe uku, shi da kansa ya kitsa ta. Dukan farko ya tsaga rigar. Na biyu da na uku Yaya ya yi ihu, daga nan muryarsa ta koma wani irin gurnani kamar na rago a hannun mahauci. Umma ta faɗa tsakani, harshen bulala ya same ta a ƙasan ido, wurin ya tashi nan take. Baba ya ture ta, ya hango kuntigin a kan turmi, ya jefar da shi ƙasa ya take da ƙafa. Bakin gwangwanin ya yanke masa dunduniya. Duk inda ya taka sai ya bar sawun jini a daɓe, kuma zafin yankan ya ƙara masa fushi, ya koma kan Yaya da hannu biyu. Ni ina maƙale a bayan randa, na jiƙa zanena ban sani ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta tsayar da abin. Ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, ba ta ɗaga murya ba.

"In ka sake ɗaga hannun nan, ban yafe maka nonona ba."

Bulalar ta sauka. Baba ya tsaya yana haki, sannan ya sunkuya daidai kunnen Yaya ya ce, "Gidan nan ba a roƙo. Da hannunmu muke ci." Ya ɗingisa ya koma zaure.

Kwana huɗu Yaya yana kwance rub da ciki. Umma tana gasa masa bayan da ruwan ɗumi tana shafa man kaɗanya, ni kuma aikina korar ƙuda da mafici. A rana ta uku na lura yatsunsa suna motsi a bakin tabarma, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kiɗa yake yi. Na duba ƙofa, na matsa na tsare shi da jikina.

Bai daina ba, ɓoyewa ya koya. Da ya gama sakandare sai ya raba ranarsa biyu. Da safe yana zaure yana yanka fata tare da Baba, bayan azahar ya sulale zuwa wani ɗan situdiyo a Gwammaja, saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai. Can yake yi wa amare waƙa. Baba ya sani, ya yi kamar bai sani ba. Ƙarfinsa ya fara raguwa, kuma Yaya ya kere shi tsawo.

Shekarar da Yaya ya cika ashirin da huɗu aka shiga kakar zaɓe. Wani mai neman kansila ya sa ya yi masa waƙa. Waƙar siyasa kuwa ba ta cika sai da zambo. Abokin karawar mutumin yana da 'yan daba da ke raka shi taro, kuma jagoransu sananne ne a duk unguwannin da ke kewaye da mu. Rabin kunnensa na dama babu, an ce a wurin faɗa aka cije shi. Yana da tabon ƙuna daga wuya har ƙirji, kullum da jar hula a karkace. Yaya ya saka baiti guda a waƙar, ya ce mai rabin kunne rabin magana yake ji. Motoci masu lasifika suka riƙa yawo da ita lungu-lungu, mutane suna ta dariya. Mu ma a gida mun yi dariya, har Umma.

Ranar wata Laraba da hantsi Umma ta aike ni Kabara in kai wa gwaggonmu abinci, ba ta da lafiya, Yaya ya ce zai raka ni. Lokacin ina ɗaliba a kwalejin horar da malamai. Mun shiga wani siririn lungu sai na ga mai shago yana jan ƙofarsa da sauri, rana tsaka. Ban gane ba sai da na ji warin sholisho. Su biyar ne, uku a gaba, biyu a baya.

Mai rabin kunnen ya tako har gaban Yaya yana murmushi.

"Mawaƙi, zo ka maimaita mini baitin nan. Ka san kunnena ba ya ji sosai."

Yaya ya ce in gudu. Ban gudu ba. Ɗaya daga cikinsu ya damƙi hijabina ta baya ya buga fuskata da bango, na ji haƙorina na gaba ya karye a cikin bakina, langar abincin ta kife. Bai sake ni ba, ya juya kaina ya ce in kalla. Mutum biyu suka murɗe hannayen Yaya ta baya. Jagoran ya zaro wuƙa, ya cusa tsininta a kusurwar bakin Yaya, ya ja ta zuwa kunne a hankali, kamar yadda Baba yake tsaga fata. Kumatun ya buɗe, na ga haƙoransa na ciki ta waje. Sannan suka ja shi zuwa wani dakali, suka shimfiɗa hannunsa na dama, wani ya ɗaga adda. Sara ɗaya ne. Yatsu biyu suka rage a kan dakalin.

Ba su gudu ba, tafiya suka yi suna hira. Sai da suka sha kwana ƙofofi suka fara buɗewa. Wata mata ta kwance mayafinta ta danne masa fuska, wani mai tura ruwa ya sauke jarkokinsa ya ɗora Yaya a kura ya tura shi har bakin titi, inda muka samu adaidaita. Ni na tsince yatsun na zuba a murfin langa, na riƙe su a cinyata har asibiti. Likita ya duba ya girgiza kai, wata nas ta karɓi murfin daga hannuna, ban sake ganin sa ba.

Baba ya zo ya tsaya a bakin gadon ya daɗe yana kallon ɗinkin. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya fita baranda, na bi shi, na tarar ya dafa ƙarfe yana amai.

An kai ƙara, amma shaida ta gagara. Duk lungun nan babu wanda ya ga komai sai ni. Maganar ta yi ta ja har ta mutu. Mai neman kansilan ya aiko da gaisuwa sau ɗaya, kuma zaɓen ma bai ci ba.

Shekara shida Yaya bai yi waƙa ba. Ɗinkin ya janye bakinsa gefe, iska tana zurarewa idan yana magana, wasu haruffan ba sa fita daidai. Ya koyi riƙe wuƙa da hagu, ya zauna a zaure dindindin, bayansa ga ƙofa. Idan fita ta kama sai ya ɗaura takunkumi. Shekarar da annoba ta sa kowa ya rufe hanci da baki ita ce shekarar da ya fi yawo a gari, har kasuwa yake zuwa ba dalili.

Ni kuma na gama karatu, na fara koyarwa a firamare, na yi aure a Gwammaja. Mijina gyaran waya da kwamfuta yake yi. Da ya ga ba na rabuwa da fensir sai ya haɗa mini wata tsohuwar kwamfuta daga tarkacen shagonsa, ya samo mini allon zane na hannu, ya nuna mini yadda ake sa hoto ya motsa. Sauran na koya a intanet. Na fara da 'yan ƙananan katun na koyar da baƙaƙe, akuya tana cin harafi, kaza tana ƙirga ƙwai.

Wata rana bayan la'asar Yaya ya zo gidana. Ya zauna a bakin kujera, ya sauke takunkumi, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya danna, ya kau da kai. Kuntigi ne ya fara, sili ɗaya, sannan murya ta shigo. Ba muryar da na sani ba ce. Ta dushe, iska tana bin bayan kowace kalma, amma ta fi ta da kama zuciya. Yana cewa gwangwanin kifi ne gidan rediyonsa, saman soro ne filin wasansa, 'yan kallonsa akuya ɗaya da yarinya mai gawayi. Waƙar yaro ce da ya so ya zama mawaƙi, daga farko har inda aka tsaya. Ashe wata uku yana komawa situdiyon nan a ɓoye, yana maimaita kowane baiti har sai harafin ya fita. Wani ne ya kaɗa masa kuntigin.

Ya ce mai situdiyon ya nace sai an yi bidiyo, wai yanzu ba a jin waƙa da kunne kaɗai. Shi kuwa ya rantse kyamara ba za ta ga fuskarsa ba. Na ce to a bar kyamara, ni zan zana.

Wata biyar na yi a kai. Ina dawowa daga makaranta in ɗora tukunya in zauna, idan an ɗauke wuta in koma takarda. Kafin yaron da na zana ya ɗaga hannu sau ɗaya sai na yi hoto fiye da goma. Na zana soron gidanmu da indararonsa, rufin maƙwabta, dutsen Dala daga nesa, shanyar fata a kan igiya. Na sa sautin kuntigin ya riƙa fita kamar zaren wuta yana ratsa lunguna, yana shiga tagogi, mata suna ɗago kai daga kan turmi. Duk Asabar Yaya yana zuwa ya duba. Ya ce gwangwanin ya fi haka tsawo. Ya ce akuyar gurguwa ce, na manta? Wani lokaci har ya yi dariya, ya sa hannu ya rufe bakinsa. Da muka zo wurin duka ya ce kada in zana fuskar Baba, in bar inuwa kawai a jikin bango, da bulala. Haka na yi.

Baiti na uku yana cewa kuraye sun tare lungu da rana tsaka. Yaya ya ce in zana kuraye kawai, irin na tatsuniya. Na zana huɗu. Da na zo kan ta biyar, wadda ke gaba, harshena yana ta komawa kan guntun haƙorina. Na goge rabin kunnenta na dama. Na sa mata tabon ƙuna daga wuya zuwa ƙirji. Na ɗora mata jar hula a karkace. Ban taɓa jin daɗin zane kamar na ranar ba.

Asabar ta zo, ya gani. Da hoton ya wuce, ya ce in maido da shi baya.

"Auta, cire wannan."

"Ƙarya na zana?"

"Ba ƙarya ba ce. Baiti ɗaya na yi masa ya bar ni da wannan bakin. Cire."

Na ce to. Hular kawai na cire. Kunnen da tabon na bar su. Na san duk lokacin da aka zo wurin nan Yaya yakan sunkuyar da kai ne har ya wuce, kuma na san ba zai zarge ni ba. Da na nuna masa na ƙarshe a ƙaramar waya, ya sunkuyar da kan kamar kullum, ya tambaye ni ko na gyara, na ce na gyara.

Aka saki bidiyon, ya bazu fiye da yadda muka zata. Daga waya zuwa waya, har wata tasha ta fara sa waƙar da safe. Malamai 'yan uwana suna tare ni a makaranta suna cewa sun yi hawaye. Yaya ya fara amsa waya da fara'a. Amma cikin mako biyu wani ya tsayar da bidiyon daidai kan kurar, ya yanko hoton ya watsa shi daban. A unguwanninmu ba a buƙatar a rubuta suna a ƙasa. Mutumin kuwa ya daɗe da barin daba, ya sami adaidaita yana ja, yana da mata da 'ya'ya uku. Yara suka fara bin adaidaitar tasa suna kukan kura. Yaya ya ga hoton a wayar wani. Ya kira ni sau uku, ban ɗauka ba.

Ranar Asabar da hantsi na je gida yi wa Umma kitso, da niyyar in ba Yaya haƙuri idan na samu fuska. Kaka ta rasu tun shekarun baya, gidan ya rage su uku. Baba da Yaya suna zaure suna aiki. Na yi rabin kai sai muka ji an banko ƙofar waje babu sallama. Na taso na leƙa ta labulen ƙofar ciki.

Mai rabin kunnen ne, da mutum biyu a bayansa. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. A hannunsa akwai gora mai zoben ƙarfe a kai.

"Wa ya zana?"

Yaya ya miƙe tsaye. "Ni ne."

"Da wane hannun?"

Na ɗaga labulen na ce ni ce. Ban san me ya sa ba, ba jarumta ba ce, bakina ne ya riga ni. Ya juyo ya dube ni, na ga ya gane ni, ya nufo ni da gorar a sama. Baba, wanda ya doshi saba'in, ya yunƙura daga kan buzu da gudumarsa ya maka masa a goshi. Fatar wurin ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya juya ya kai wa Baba duka. Baba ya tare da hannun dama, na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara, ya zube a kan tarin takalma, hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Ban ga lokacin da Yaya ya ɗauki wuƙar ba. Ta yankan fata ce, gajera mai faɗi, wadda Baba yake wasawa kullum da safe. Da hagu ya soka masa ita a cinya har ƙota, ya zare, suka faɗi tare a kan jar fatar. Yaya ya hau ƙirjinsa, ya danne masa haɓa da guntun hannunsa, ya ɗaga wuƙar saitin wuya. Na ji wata murya tana cewa yanka shi, Yaya, yanka shi. Sai daga baya na gane tawa ce. Umma ta wuce ta gabana da rabin kitso, ta kama wuyan hannun Yaya da hannu biyu ta rataya a jiki da dukan nauyinta, har wuƙar ta faɗi.

Mutum biyun da suka rako shi sun riga sun tsere, don lungu ya fara cika. Na hango maza da duwatsu da taɓare da sanduna, wani daga baya yana cewa a kawo taya da fetur. Umma ta tashi ta tura ƙofar zaure ta danna sakata, ta jingina bayanta a jiki.

"Ba za a kashe ɗan kowa a zauren nan ba," ta ce da su ta cikin ƙofa.

Muka rage mu biyar a ciki, ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Jini yana tsartuwa daga cinyar mutumin, har ya kai bakin buzu. Umma ta zari igiyar fata ta ɗaure saman raunin ta ja da haƙori, ta naɗe ɗankwalinta ta ɗora a kai, ta ce in danne. Na tsaya. Ta daka mini tsawa ta ce in danne. Na durƙusa na ɗora hannayena biyu a cinyar mutumin da ya tsaga fuskar yayana, jininsa mai ɗumi yana bi ta tsakanin yatsuna. Guntun kunnen yana dab da fuskata. Ban zana shi daidai ba, ya fi abin da na tuna ƙanƙanta.

Bai dube ni ba, azarar rufi yake kallo da ya fara magana. Ya ce 'yarsa ta fari shekararta takwas, yau kwana tara ke nan ta ƙi zuwa makaranta. 'Yar kura suke ce mata. Sun tare ta sun cire mata hijabi wai za su duba kunnenta.

"Ita me ta yi muku?"

Yaya yana zaune a ƙasa ya tallafe kan Baba. Ya ce, "Ƙanwata me ta yi maka ranar da aka fasa mata baki da bango?"

Mutumin ya rufe ido. Baba ya ce cikin nishi mu yi masa shiru dukanmu. Haka muka zauna har mai unguwa ya iso da 'yan sanda aka buɗe hanya. Duk da haka, da ana fitar da shi wani ya jefo rabin bulo ta saman kawuna ya same shi a kafaɗa.

Yaya ya yi kwana tara a tsare, shi kuma mutumin ya yi nasa a gadon asibiti da ɗan sanda a ƙofa. Dattawan unguwannin biyu suka shiga tsakani, aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa aka yi sulhu, kowa ya janye. Sharaɗi ɗaya ya shafe ni, in sauke bidiyon. Na sauke, na sake zana kurar da kunnuwa biyu da wuya lafiyayye, na mayar. Amma na farkon ya riga ya shiga wayoyin da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma shi mutane suka fi turawa. Bayan wata biyu na ji mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma bayan gari. An ce yana ɗingishi. Yarinyar ban taɓa ganin ta ba, ban san ko ta koma makaranta ba.

Hannun Baba ya ƙi ɗoruwa. Sau biyu maɗori yana sake karya shi don ya daidaita, maza uku suna danne Baba a tabarma, ni ina riƙe da kansa. A ƙarshe ya haɗe a karkace. Ba ya iya jan basilla, ko lomar tuwo da hagu yake kaiwa. Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin da na yi ba. Sau ɗaya dai, ina zuba masa ruwan alwala, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, shi a zatonsa yayana ne zai gaji zuciyarsa, ashe ni ce. Na ci gaba da zuba ruwan har ya wanke ƙafa.

Yaya ya yi wata takwas ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Idan na shigo zaure zai amsa sallama ya ci gaba da yanka fatarsa, don yanzu shi ne mai zauren. Ranar sunan ɗana na biyu ne ya zo, ya ɗauki jaririn ya daɗe da shi a hannu, ya tambaye ni ko har yanzu haƙorin yana yi mini tsami in na sha ruwan sanyi. Daga nan muka ci gaba da magana, amma maganar bidiyo ba mu sake tayar da ita ba.

Yana waƙa har yanzu. Amare sun dawo, kuma wani lokaci ana gayyatar sa hira a rediyo. Bara ya fitar da wata sabuwa a kan masu sana'ar hannu na cikin birni, ita ma da katun. Wani mutum a Kaduna ya ba ya zana masa. A wayar mijina na kalla, sau biyu. Launinsa yana da kyau, amma mai zanen bai iya zana tafiya ba, mutanensa zamewa suke yi kamar an ɗora su a kan ruwa, kuma badukun da ya zana ya riƙe basilla ta wajen tsini. Na nuna wa mijina wurin, ya ce in kira Yaya in gaya masa. Na ce a bar shi, na miƙa masa wayarsa na tashi na sauke tukunya.